Kwana Uku a Kewayen Adar Dutsi: Darasi Daga Tsibirin Wuta

 Sharhinmu na yau zai tashi ne daga tsakiyar teku, ya sauka a kan hanyar Buza, don haka sai a ɗan yi mana haƙuri kafin mu iso gida.

Can yamma da Dakar, wajen kilomita 600 cikin tekun Atlantika, akwai ƙasar Kap Ber, wadda tarin tsibirai ce. Ɗaya daga cikinsu ana ce masa Fogo, ma'anarsa wuta da harshen Fotugal, kuma sunan bai faɗi ƙasa banza ba, domin tsibirin gaba ɗayansa dutse ne guda mai aman wuta da ya tsiro daga ƙarƙashin ruwa. Ƙololuwarsa ta kai mita 2,829, faɗinsa kuwa daga wannan gaɓa zuwa waccan wajen kilomita 25 ne. A samansa akwai wani ƙaton kwari mai kama da ƙwarya, bangon dutse ya kewaye shi ta ɓangare guda, tsayin bangon a wasu wuraren ya kai mita 1,000, kuma a cikin wannan ƙwaryar mutane suke zaune suna noman inabi da wake da itatuwan marmari a kan baƙar ƙasa. Dutsen ya yi aman wuta a 1951, ya sake a 1995, sannan daga ranar 23 ga Nuwamban 2014 har zuwa Fabrairun 2015 narkakken dutse ya malalo ya binne ƙauyukan Portela da Bangaeira. An kwashe mutane da wuri, ba a rasa rai ba. Da wutar ta lafa sai suka koma, wasu ma suka ɗora sabon gini a kan baƙin dutsen tun bai gama hucewa ba, har daɓen ɗakinsu ya yi ta ɗumi bayan shekaru. Wanda ya san yadda Ba'adare yake riƙe da gonar gado a gindin dutse, ko da rabinta tsakuwa ce, ba zai yi mamakin wannan taurin kai ba. Kap Ber ɗin ma Sahel ce da ta faɗa cikin ruwa: fari ya sha kashe mata mutane, musamman a shekarun 1940, kuma kujerarta na nan tare da ta Nijar a ƙungiyar CILSS mai yaƙi da fari.

Abin da ya kawo Fogo cikin zancenmu shi ne yadda baƙi suke ziyartarsa. Galibinsu kwana biyu ko uku suke yi, kuma wanda ya yi dabara ba ya cewa sai ya taka ko'ina. Yana sauka a São Filipe, babban garin tsibirin, ya hau zuwa ƙwaryar nan ya kwana a gidajen mutanen wurin, da asuba ɗan gari ya ja shi zuwa ƙololuwa kafin rana ta yi zafi, in lokaci ya rage ya gangara ta wajen Mosteiros inda ake noman kofi. Motocin haya na can halinsu ɗaya da motocin kasuwarmu: da sassafe suke barin ƙauye su nufi gari, da rana su juyo, wanda ya makara sai gobe ko ya ɗauki shata. A taswira tsibirin ɗan mitsitsi ne, amma hanya na nannaɗe da jikin dutse, tana hawa tana gangara, tafiyar da ido ya ce ta rabin sa'a ce sai ta ci sa'a biyu. Saboda haka dutse ne yake yanka wa baƙo lokaci, kuma ɗan wurin ne yake karanta masa dutsen, a biya shi ladansa, kuɗin kwana da na abinci su zauna a ƙauyen. Da wannan ƴar tafiya ta kwana uku iyalai da yawa a cikin ƙwaryar suke cin abinci, baƙon kuma ya koma gida ya san abin da ya gani.

To, mu dawo gida. Duk wanda ya ɗauki taswirar jahar Tawa ya bi hanya da yatsa zai ga wani abu. Daga Madawa a yi arewa zuwa Buza, daga Buza a keta zuwa Keita, a bi ta Tamaske a shiga Tawa, sannan a gangaro ta Badagishiri zuwa mararrabar Tsarnawa, a juya gabas ta Malbaza da Galmi a dawo Madawa. Zobe ne cikakke, tsawonsa wajen kilomita 400, rabinsa ya ratsa cikin duwatsun Adar, rabinsa ya bi gefensu. Adar Dutsi tsibiri ne shi ma, sai dai maimakon ruwa, jigawa da fili ne suka kewaye shi. Abin da muke cewa a wannan sharhi shi ne, kewaya wannan tsibiri namu cikin kwana uku tafiya ce da ta cancanci a tsara ta da gangan, a sa ta cikin shekarar makarantun sakandare da ƙungiyoyin manoma da na mata, kuma mu ne ya kamata mu tsara ta, ba sai wani baƙo ya zo da farar mota ya nuna mana inda za mu tsaya ba.

Kafin wani malamin labarin ƙasa ya kira tashar rediyon nan ya gyara mana, bari mu riga shi: duwatsun Adar ba na aman wuta ba ne. Baƙin dutsen da ya rufe saman tuddan, wanda yake kama da wanda aka ƙona, ƙarfe ne ya yi masa yawa, kuma daga irinsa maƙeran Adar na da suke samun tama su narka. Mai son ganin tsofaffin duwatsun wuta a Nijar sai ya nufi Abzin, inda har yau ruwan zafi yake ɓuɓɓugowa a Tafadek. Labarin namu dutsen wani ne dabam, kuma a ganinmu ya fi ban mamaki. Masana ilimin ƙasa sun tabbatar cewa kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce teku ne kwance a nan, wani hannun ruwa da ya ratso Sahara. Farin dutsen da ke ƙarƙashin baƙin, wanda yake leƙowa a jikin gangare idan ƙorama ta zaga shi, laka ce da ɓawon halittun ruwa da suka kwanta a gindin wannan teku. Yaron da ke kiwon awaki a gangaren Keita ko Buza yakan tsinci dutse mai siffar katantanwa ko ƙumba, ya jefi akuya da shi ya wuce, alhali abin da ke hannunsa shaida ce cewa inda yake tsaye kifi ya taɓa iyo. Wannan farin dutsen ne masana'antar Malbaza take toyawa tun shekarun 1960 tana yin siminti, irinsa ne kuma ake haƙa a Kalambaina kusa da Sakkwato, domin shimfiɗa ɗaya ce, iyakar da Turawa suka ja ba ta shafe ta ba. Ɗan lakwal yana haddace waɗannan abubuwa daga allo da Faransanci, ya rubuta a jarrabawa, ya manta. Da za a tsayar da mota a gindin gangare ɗaya, a ce kowa ya sauka ya nemo dutse mai ɓawo, a jera su a kan tabarma a ƙirga, da wuya ya manta har ya tsufa.

Wani zai ce wannan duk daɗin baki ne, ina shaidar cewa gajeruwar tafiya tana canza wani abu? Shaidar tana cikin jaharmu. A ƙarshen shekarun 1980 wani aikin gyaran ƙasa na yankin Illela, wanda asusun FIDA ya ɗauki nauyi, ya kwashi manoma 13 ya kai su Yatenga a Burkina Faso. Ba kwas aka yi musu ba, gonaki aka nuna musu. Can suka ga yadda manoma suke haƙa ƙananan ramuka a kan fako tun da rani, su tara ƙasar a gefen gangare, su zuba ɗan taki a ciki, gara ta shiga ta huda ƙasa, ruwan farko ya taru a ramin maimakon ya gudu. Wannan dabarar ramuka, wato tassa, ba baƙuwa ba ce a Adar, amma faɗaɗa ramin da zuba masa taki shi ne abin da suka ɗauko. Suka dawo wasunsu suka gwada. Damanar 1990 ta zo da ƙarancin ruwa, gonakin tassa suka ba da hatsi a inda na maƙwabta suka ƙone, kuma daga nan ba a sake buƙatar mai wa'azi ba. Cikin ƴan shekaru fakon da a da ko kyauta ba a karɓa ya zama abin saye da sayarwa a wajajen Badagishiri, har aka samu matasa masu sana'ar haƙa tassa a biya su. Mutum 13 ne, tafiyar ƴan kwanaki ce. Da an tara su a ɗaki an yi musu bayani da hoto, da sun gyaɗa kai sun karɓi kuɗin zama sun koma gida. Manomi idonsa yake yarda da shi, kuma yana da gaskiya, tunda shi ne zai kwana da yunwa idan dabarar ta ƙi.

Abin takaicin shi ne, abin da waɗancan suka ƙetare iyaka don su gani, irinsa da ma fiye yana nan cikin zoben da muka zana, kuma mutanen wata gunduma ba su san na wata ba. A kwarin Majiya, a ƙasar Buza, iska ce take share gona ta binne shuka da rairayi. A 1975 ma'aikatan gandun daji da ƙungiyar CARE suka fara dasa layukan dogon yaro bibbiyu, tsakanin layi da layi mita 100, a gicciye da hanyar iskar gabas, suka faro daga wajajen Garadume. Kafin ƙarshen shekarun 1980 tsawon layukan ya haura kilomita 300. Awon da aka yi a gonakin ya nuna ƙarin hatsi tsakanin kashi 15 da 23 cikin ɗari, ko bayan an cire abin da inuwa da saiwa suka ci a gindin itatuwan. Wanda ya tsaya a kan tudu ya hango kwarin zai ga layukan kamar an ja su da igiya, amma wanda ya sauka ya zauna da dattijon da aka dasa su a gonarsa zai ji abin da hange ba ya nunawa: yadda aka yi gadin dashen daga dabbobi, yadda makiyaya suka ji an tare musu hanya, da gardamar da ta taso da itacen ya isa sara, shin na mai gona ne, na gari ne, ko na gwamnati. Duk garin da yake shirin dasa itace a yau zai ci karo da waɗannan tambayoyi, kuma mutanen Majiya sun riga shi da shekara hamsin.

Keita kuwa ita ce zuciyar tafiyar. Bayan farin 1984, lokacin da mutane suka watse aka bar ƙauyuka da tsofaffi da mata, aka buɗe babban aikin da kowa ya sani da furojen Keita, kuɗin Italiya, gudanarwar FAO, abinci daga hukumar PAM a matsayin ladan aiki. Cikin shekara kusan ashirin an farfaɗo da ƙasa fiye da hekta 30,000, an dasa itace kimanin miliyan 18, an gina madatsun ruwa da katangun dutse cikin ragar waya a bakin ƙoramu, an yi rijiyoyi da hanyoyi. Alƙaluma ke nan, kuma alƙaluma ba sa gumi. Abin da ya kamata ɗan makaranta ya gani da idonsa shi ne jikin dutse guda da aka sassaƙa da ramuka ɗaruruwa, kowanne tsawon mutum biyu a kwance, an jera su bisa gangare kamar ɓawon kifi don kowane ɗigon ruwa da ya tsere wa na sama ya faɗa na ƙasa, a tsakiyar kowanne an dasa itace. Da diga da shebur aka yi su, duwatsun kuma a ka aka ɗauko su, kuma mafi yawan masu aikin mata ne, domin maza sun tafi bida. Matan nan da yawansu suna raye, suna nan a ƙasar Keita da Garhanga da Ibohaman da Tamaske, sun zama kakanni. Kowace shekara ana rage su. Baƙi daga ƙasashe sun zo sun ɗauki hotonsu, an rubuta rahotanni da Italiyanci da Faransanci, amma yarinyar da ke aji uku a sakandaren Madawa, kilomita ɗari da ƴan kai daga wurin, ba ta taɓa zama gaban ɗayarsu ta tambaye ta yadda aka yi ba. Wannan asara ce da ba ta da dalili.

Yanzu ga tsarin, kuma a nan ne darasin Fogo yake da amfani. Abu na farko lokaci. Da damana ƙoramun Adar ba su da alƙawari, ruwan da aka yi a bayan dutse inda ba ka gani ba sai ya iso ya yanke hanya, mota ta kwana a bakin gulbi. Daga Afrilu zuwa saukar ruwa kuwa zafi ya wuce a hau dutse da yara. Saura tsakanin kaka da ƙarshen sanyi, wato daga Nuwamba zuwa Fabrairu, kuma hutun ƙarshen Disamba ya faɗo daidai tsakiya: hatsi na rumbu, tabkuna da madatsu da sauran ruwa, garake sun yi kore a kwarin Tarka, ana dashen albasa ana ban ruwa. Illarsa ɗaya hazo, wanda kan rufe hange, sai a haƙura da abin da ke kusa. Sannan kada taswira ta ruɗi mai tsari. Daga Madawa zuwa Tawa ta cikin duwatsu bai kai kilomita 200 ba, direba zai ce yini ɗaya ya isa har da saura, kuma gaskiya ya faɗa in dai wucewa ce manufa. Amma tafiyar da aka cusa mata wurare goma, a sauka a yi hoto a hau, ita ce ake dawowa daga gare ta da ciwon baya kawai. Wuri uku sun isa: safiya guda a garaken Tarka a ga albasa daga irinta har zuwa rudun da ake ajiye ta, yini guda a Majiya, yini guda cur a ƙasar Keita. Masu komowa ta kwalta su ɗan tsaya a Malbaza su ga inda farin dutsen yake ƙarewa. A kuma tambayi ranakun kasuwa tun kafin a sa rana, domin ranar kasuwa mota tana samuwa amma mutanen da ake son gani ba sa gida. A aika wa mai gari da magajin gari tun da mako biyu, a roƙe su su zaɓo wanda zai ja gora, namiji ko mace, wanda ya yi aikin da hannunsa. A ware masa ladansa cikin kuɗin tafiya kamar yadda ake ware na mai. Mun saba ɗaukar sanin ɗan ƙauye kamar ruwan tabki, kowa ya ɗiba ya wuce da na gode, alhali ranar da ya ba mu ranar aikinsa ce.

Ƙorafi na farko da za a yi, kuma mai nauyi ne, shi ne kuɗi. Uban da yake fama da kuɗin littafi da na magani, a ce ya kawo na yawo? Amsar ita ce a duba abin da tafiyar take ci da gaske. Ba otal ake nema ba. Makarantu suna hutu, azuzuwa a buɗe suke, ɗaliban Madawa su kwana a ajin Buza, badi na Buza su kwana a na Madawa, kowa da tabarmarsa da bargonsa, kuma tabarma dai ba a koya wa mutumin Madawa ita. Abinci a ɗauko daga gida, gari da ƙuli-ƙuli da shinkafa da wake, a dafa a wurin. Abin da ya rage mota ce da mai da ladan ja-gora, kuma idan aka raba wa mutum talatin, aka fara tarawa tun buɗe makaranta, ba ya fin ƙarfin adashe. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda suka faro a Maradi a 1991 suka bazu ƙasar nan, sun nuna abin da dala-dala take iya tarawa cikin wata tara. Ƴan kasuwar Tamaske da sauran ƴan Adar mazauna waje, masu gina masallatai da azuzuwa a garuruwansu, ba za su gaza cika tankin mota ɗaya a shekara ba idan an kai musu tsari a rubuce. Duk da haka za a samu yaran da iyayensu ba za su iya ko kaɗan ba, kuma tafiyar da za ta bar su a baya gara a fasa ta. Sai a sa kason su cikin lissafi tun farko.

Na biyu tsaro, kuma ba za mu yi wa masu saurare rufa-rufa ba. Jahar Tawa ta ga abin da ta gani. A Maris ɗin 2021 an kashe mutum fiye da 130 a yankin Tiliya, kuma ƙauyukan kan iyaka da Najeriya, kudu da Madawa da Ƙonni, sun sha fama da ɓarayin shanu da masu satar mutane. Uwar da ta ce ɗanta ba zai je ko'ina ba ba ta yi laifi ba. Abin da za a ce shi ne zoben da muke magana a kai hanya ce da motocin kasuwa da na albasa suke bi kullum, kuma ƙa'idar ita ce wadda direbobin nan suka riga suka sani: a tashi bayan gari ya waye, a sauka kafin la'asar sakaliya, ba tafiyar dare ko ta gaggawa ce. A sanar da hukumar gunduma da jandarmomi kafin a tashi, a bar musu sunaye da lambar waya, idan suka ce a dakata a dakata ba gardama, ko da an riga an biya mota. Mutanen Fogo ma ba su ce dutsensu ya daina wuta ba, suna zaune ne da kunne a buɗe, ana auna motsinsa, ranar da aka ce a fita su fita. Idan kuwa shekara ta zo da halin da zoben duka ba zai yiwu ba, a rage shi, ɗaliban Keita su yi yini ɗaya a Ibohaman su dawo. Abin da muke tsoro shi ne a wayi gari tsoro ya zama al'ada, yara su tashi ba su san komai ba sai unguwarsu da abin da waya ta nuna musu.

Ƙorafi na uku ya fi sauran wayo. Masu shi suna cewa, me za a je a gani? Madatsun Keita da yawa yashi ya cike su, wasu ruwa ya fasa, ragar waya ta tsinke ba a gyara ba, layukan Majiya sun yi giɓi inda aka sare ba a mayar ba. Aikin baƙi ne, da kuɗinsu da injinansu da abincinsu, da suka tafi ya fara lalacewa, kai yara wurin koya musu jiran Bature ne kawai. Akwai gaskiya a ciki, kuma wanda ya musa bai je ba. Amma a ganinmu wannan ƙarin dalili ne na zuwa. Madatsar da ta fashe tana koyar da abin da mai lafiya ba ta koyarwa: ina ruwan ya bi, me ya sa ta nan, wa aka bar wa gyara, me ya hana shi. Ɗalibin da ya ga gangare biyu a jere, ɗaya ramukansa sun riƙe itatuwa har sun zama kurmi, ɗaya ya koma fako, ya tambayi mutanen gari dalili, ya samu darasin da babu shi a littafi, kuma watakila shi ne gobe zai zama injiniya ko magajin garin da za a kawo wa takardar wani sabon aiki ya sa hannu. Ya kuma kamata ya lura da wani bambanci da kansa: abin da ya dogara da injin da siminti shi ya fi saurin tsufa, abin da manomi zai iya yi da hannunsa da jakinsa, irin tassa da ramin rabin wata da jeren dutse da barin tsiron gawo da ƙalgo a gona, shi ya yaɗu ba tare da an biya kowa ba. Ba sai malami ya faɗa masa ba, gonakin bakin hanya za su faɗa masa.

Akwai kuma masu ganin yawon buɗe ido al'adar masu farar fata ce, mu tafiyarmu ta neman abinci ce ko zumunci ko ibada. To ai babu wanda zai koya wa Ba'adare tafiya. Saurayin Buza ya san Abijan unguwa-unguwa, ya san Legas da Kano da Sabha, zai iya faɗa maka kuɗin mota daga Agadas zuwa iyaka, amma tambaye shi Garhanga sai ya ce yana dai jin suna. Tun yana yaro abin da yake ji shi ne ƙasarsu ba ta da komai sai dutse, arziki yana wani wuri, kuma ba wanda ya taɓa kai shi inda zai ga akasin haka. Ba mu ce kwana uku za su hana bida ba, yunwa da rashin aiki ne suke kora mutane, kallon dutse ba ya maganinsu. Amma wanda zai tafi, gara ya tafi ya san abin da ya bari, ya san cewa Farfesa Djibo Hamani ya rubuta littafi sukutum a kan tarihin Adar tun 1975, ya san albasar da zai tarar a kasuwar Abijan daga garakensu ta fito, ya san kakarsa ta tsayar da ruwa a kan dutse da hannunta. Irin wannan in ya samu kuɗi ya fi sanin inda zai zuba su.

Kiranmu yana ga shugabannin makarantun sakandare na Madawa da Buza da Keita, da masu duba makarantu, da magadan gari, da shugabannin ƙungiyoyin manoma da na mata. Kada a jira wani furoje ya kawo takarda. Makaranta ɗaya ta fara, aji ɗaya, mota ɗaya, a wannan hutun sanyi mai zuwa, a rubuta wa takwararta ta gundumar gaba tun yanzu a nemi ajin kwana. A ba kowane yaro littafi da alƙalami ya rubuto abin da tsofaffin suka faɗa masa, da Hausa, da sunan wurin da ranar. Waɗanda suka je kuma, ƙofar wannan tasha a buɗe take, su zo su ba sauran jama'a labari.